Kifi shida na kashe kafin na koyi zaɓen littafi

Akwai wata magana da na gaji da jin ta, wai in dai littafi ne karanta kawai, ba karatun da ke faɗuwa ƙasa banza. Ni dai wallahi ban yarda ba. Akwai littafin da gara ka ja bargo ka yi barcinka da ka raba dare a kansa, akwai kuma wanda ba lokaci kaɗai zai ci maka ba, har ɓarna zai sa ka tafka da hannunka kana murna kana ganin ai ilimi kake bi. Ba ji na yi ba, a kaina ya faru.

Shekarun baya sha'awar kiwon kifin ado ta kama ni, irin ƙananan nan masu launi da ake zubawa a tankin gilashi a ajiye a falo. Na nemo littafi, kuma in faɗa muku gaskiya bangon ne ya ja ni, ga takarda mai sheƙi ga hotuna kamar ka sa hannu ka kamo kifin. Ya ce wanke tanki, zuba tsakuwa, cika ruwa, bari ya kwana, sai ka saki kifinka. Haka na bi tiryan-tiryan ban tsallake ko layi ɗaya ba. Kwana huɗu lafiya lau, ina zama gaban gilashin nan kamar mai kallon talabijin. Rana ta biyar sai na ga ɗaya ya taso sama yana buɗe baki kamar mai haki, ruwan kuma ya yi wani hazo-hazo fari. Kafin sati biyu duka shidan sun tafi, kullum da safe sai na sa 'yar raga na tsamo gawa. Na koma littafin nan ina ta bincike ko zan ga inda ya yi maganar kifi na haki ko ruwa ya yi hazo, babu, ko alama. A duniyar littafin nan kifi ba ya mutuwa.

Daga baya wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ara min nasa, wani tsohon abu bango ya rabu an liƙe da salatif, ba hoto mai launi ko ɗaya sai zanen hannu, kuma babin farko kaf ɗinsa ba maganar kifi sai maganar ruwa. A nan ne na gane kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse suna zama amoniya, ita kuwa guba ce, sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a matatar ruwan sun hayayyafa tukunna su maida ita naitirait, shi ma guba ne, wasu kuma su maida shi naitiret wanda kifi ke iya jurewa in dai ana rage ruwan ana ƙara sabo, kuma wannan abin a sabon tanki yakan ci sati huɗu zuwa shida. Ga kuma kulorin ɗin da ke cikin ruwan famfo, shi ma ba ya barin kifi ba ya barin bakteriyar. Wato ni da hannuna na zuba su a ruwan da bai shirya ba. Ranar da na mayar masa na ce Baba ai da wannan na fara samu da kifayena suna nan, sai ya yi dariya ya ce, yaro, mai littafinka hoton kifi ya sani, wannan kuwa ya zubar da gawar kifi ba adadi kafin ya ɗauki biro.

Tun daga ranar, duk littafin koyon wani abu da ya shigo hannuna, ko na lambu ne ko ɗinki ko kafinta ko ɗaukar hoto, abin da nake fara nema shi ne inda yake maganar lalacewar abu. Ina ya ce in ganye ya yi rawaya ga abin da ke damunsa, ina ya ce in zare yana tattarewa a ƙasan yadi duba kaza a keken, ina ya ce in katako ya tsage wajen buga ƙusa kuskurenka kaza ne. Wanda ya yi abu da hannunsa ba ya iya yin shiru a kan wannan, don mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, abin yana cinsa a rai sai ya faɗa maka ko ba ka tambaya ba. Wanda kuwa ya tattaro daga littattafan wasu ya jera, komai nasa santsi ne, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, sai ga hoton abu ya fito tas. In na juya littafi daga farko zuwa ƙarshe ban ga kalmar "amma" da "yi hattara" da "ni ma na taɓa" ba, ajiye shi nake ko da zinare aka yi bangon.

Wata dabarar kuma da nake ganin mutane ba su cika yi ba, alhali ba ta cin ko minti biyar, ita ce ka gwada littafi a wurin da ka riga ka sani. Mu yawanci in mun ɗauki littafi sai mu buɗe wurin da ba mu sani ba, mu ga kalmomi manya-manya mu ce kai wannan ya iya. To ta yaya za ka auna mutum a fagen da kai makaho ne? Ko ƙarya ya shirga maka ba za ka gane ba. Amma kowa yana da ɗan abin da ya sani a fannin da yake sha'awa ko yaya ne, in ka taɓa canza tayar keke to buɗe babin canza taya, in kin iya saka zif to duba yadda ya bayyana saka zif. In ka karanta ka ji kana gyaɗa kai kana cewa ƙwarai haka ne, har ma ya ƙara maka wani ɗan abu da ba ka lura da shi ba a abin da kake ganin ka gama sani, to wannan za ka iya ba shi amanar sauran shafukan. In kuwa a nan ɗin ma ya kwaɓa ko ya yi ta kewaye-kewaye, Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Sai maganar shekara, kuma a nan ne nake saɓawa da ɓangarori biyu. Akwai masu cewa sabo kawai, duk abin da ya wuce shekara biyar shara ne. Akwai kuma masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, na da su ne littattafai na yanzu duk kasuwanci ne. Duka biyun sun yi gaskiya rabi-rabi, don littattafai ba tare suke tsufa ba, fannin ne ke yanke hukunci.

Ɗauki littafin taimakon gaggawa. Tsofaffin da yawa za su ce maka in maciji ya sari mutum a tsaga wurin a tsotse dafin a ɗaure tamau, yanzu kuwa likitoci hana wannan suke yi don cutarwarsa ta fi amfaninsa. Wajen farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, da ana koyar da danna ƙirji sau 15 a hura iska sau 2, a 2005 aka mayar da shi 30 da 2, a 2010 kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a fara da danna ƙirjin ma kafin a je ga hura iska. Littafin rainon jariri da aka rubuta kafin 1992 zai iya ce miki ki kwantar da shi rub da ciki, alhali daga shekarar likitocin yara a Amurka suka fara hana kwantar da jariri a kan cikinsa saboda mutuwar fuju'a a cikin barci, yanzu kuma rigingine ake cewa. Irin waɗannan ba abin wasa ba ne, tsohon bugu a nan haɗari ne komai sunan wanda ya rubuta. Haka tsohon littafin lambu da zai ce ka fesa DDT, maganin da Amurka ta hana amfani da shi a gona tun 1972.

Wasu kuma ba kisa za su yi ba, kunya kawai za su ba ka. Littafin taurari na kafin 2006 zai ce maka duniyoyi tara ne ke zagaya rana, a watan Agustan shekarar ne masana suka taru a birnin Firag na ƙasar Czech suka sauke Fuluto daga sahu suka zama takwas. Littafin dokokin ƙwallo na kafin 1992 bai san an hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansu ya mayar masa da ƙafa da gangan ba, na kafin 2018 bai ga alƙalin bidiyo a gasar cin kofin duniya ba. Taswirar da ba Sudan ta Kudu a ciki ta riga 2011. Na kwamfuta kuwa ba a magana, yaro ya zauna yana koyon Python 2, wani tsohon samfurin yaren rubuta manhajar kwamfuta, da zuciya ɗaya, abin da masu shi suka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, ya rubuta abu ya ƙi tashi ya ɗauka shi ne daƙiƙi.

Amma fa yadda ake haɗa katako biyu ba ƙusa, yadda ake ƙulla igiya, yadda haske ke faɗa wa fuska in ana zane ko ɗaukar hoto, yadda ake auna jiki a yanka yadi, waɗannan ba su canza ba, kuma sau da yawa na da ɗin sun fi bayani don a lokacin ba bidiyo, dole marubuci ya zauna ya kwatanta motsin hannu da kalmomi har ka gani a idon zuciyarka. Littafin dattijon nan nawa ma ai tsoho ne, sai dai ruwa da kashin kifi ba su sake hali ba. Saboda haka tambayar da nake yi wa kaina kafin in duba shekara ita ce, wannan fannin gudu yake ko a zaune yake. Sannan in na zo dubawa, bayan shafin take nake buɗewa, wurin ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa, don sake bugawa daban sake gyarawa daban, littafi zai iya fitowa daga injin bara amma rubutun cikinsa na shekara talatin ne ba a taɓa ko wasali ba. Wata 'yar alama ma, lambar ISBN da ke bayan littafi da guda 10 ce, daga farkon 2007 ta koma 13, in ka ga mai 10 kaɗai ka san ya kwana biyu.

Bayan shekara sai wuri, wato don su wa aka rubuta shi. Wannan ƙanwata ce ta koya min ba da niyya ba. Ta iya saƙar kwarashi daidai gwargwado, ta koya daga wani littafin Ingila, sai ta samo wani sabo ta ce za ta saƙa wa jaririn ƙawarta hula. Kwana uku tana kai, tana ƙirga ido tana bin layi, da ta gama ta ɗaga sai ga abu ɗan guntu ko tsawon hula bai kai ba. Ta kawo min ranta a ɓace ta ce Yaya don Allah duba min, wallahi ban tsallake komai ba. Ni ina na san saƙa, amma da muka juya bayan littafin sai muka ga bugun Amurka ne, ashe sunayen saƙar ba ɗaya ba ne, abin da Ba'amurke ke kira guda shi ɗan Ingila ke kira biyu, biyun Ba'amurke kuma ukun ɗan Ingila ne, kalma ɗaya tsawo daban. Littafin bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi kuskure ba, kawai dai bai ga damar faɗa a shafin farko da wane yare yake magana ba. Ta warware abinta tana ta mita.

Irin wannan ya cika ko'ina. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5, to ka ga in maganin kifi ko na feshi kake aunawa da "cokali ɗaya a galan" ai sai ka tambaya galan ɗin wa. Littafi ya ce ruwa ya kai 78 bai ce maka ma'aunin Faranhait yake nufi ba, wanda bai wuce 26 ba a Salshiyos. Na gyaran lantarki da aka rubuta don ƙasar da wutarta 120 ce ba zai yi daidai da inda take 230 ba. Na lambu ya ce yi shuka a Afrilu don a Turai lokacin ne sanyi ke sakin ƙasa, a Ostireliya kuwa lokacin ake shiga sanyin, a wurare da yawa ma ba a san yanayi huɗu ba sai damina da rani. Taswirar sama da aka zana don mutanen arewacin duniya za ta sa ka ɗaga kai kana neman tauraron arewa can sama, alhali kusa da tsakiyar duniya yana can ƙasa dab da inda sama ta haɗu da ƙasa, in ka gangara kudu kuma ba ka ganinsa kwata-kwata. Littafin kirki yakan faɗa maka iyakarsa tun a gabatarwa, kuma ni wannan faɗin iyakar yana ƙara min yarda da mutum fiye da jerin digirorin da ke bayan bango.

Yanzu kuma ga sabuwar fitina, littattafan da ba mutum ne ma ya rubuta su ba. A 2023 ƙungiyar masu nazarin naman kaza ta birnin New York ta fito ta gargaɗi jama'a a kan littattafan tsintar naman kaza a daji da ake sayarwa a intanet waɗanda alamu suka nuna na'ura ce ta harhaɗa su, kuma wannan fanni ne da kuskure ɗaya tsakanin mai ciwuwa da mai dafi ya isa ya kai mutum kabari. A watan Satumbar shekarar kamfanin Amazon mai sayar da kaya a intanet ya sa wa masu buga littafi da kansu a shafinsa iyakar guda uku a rana. Ku ji fa, uku a rana, kuma wannan ragewa aka yi. Saboda haka yanzu sai na nemi marubucin tukunna, shin akwai shi ma a duniya, an san shi a harkar, ko kuwa suna ne kawai da hoton murmushi wanda a wata ɗaya ya fitar da littafin kiwon zuma da na koyon jita da na rage tumbi. Taurarin da masu saye ke bayarwa ba na jingina da su sosai, da yawa ranar da kaya ya iso suke ba da biyar don an naɗe shi da kyau, ba su shuka ko ƙwaya ɗaya da shi ba tukunna. In zan karanta ra'ayin mutane, na masu ba da uku nake nema, su ne suka yi aiki da shi har suka ga inda ya gaza.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya dai shi ne yadda aka ƙuntata ma'anar littafi mai amfani. Duk wanda ya tashi ba matasa shawarar karatu, jerin nan ne dai guda ɗaya, yadda za ka yi kuɗi, yadda za ka tashi da asuba ka ci duniya, halayen masu nasara, kamar an haɗa baki. Ban ce duk banza ba ne, na karanta wasu na tsinci abin tsinta, amma yawancinsu magana ce ta shafi goma aka ja ta ta kai ɗari uku, ka gama ka ji jininka ya ɗau zafi kwana biyu shikenan. In kuma aka gan ka da littafin tsuntsaye ko na gyaran agogo sai a ce wannan kuma me zai ƙara maka. Ni a ganina shi ya fi ƙarawa, don shi ana iya kama shi da ƙarya. In ya ce yi kaza agogo zai tashi, ko ya tashi ko bai tashi ba. Wancan kuwa in ba ka yi arziki ba ce maka za a yi ba ka yi imani da kanka sosai ba, laifin kullum naka ne.

Za a ce min ai yanzu bidiyo ya kashe wannan duka, me za ka yi da littafin saƙa ga YouTube. Akwai gaskiya a ciki, motsin yatsa dai gani ya kori ji, ni ma can nake zuwa in abu ya cije. Sai dai bidiyo amsar tambayar da ka yi yake ba ka, ni kuwa lokacin da nake zuba kifi a tanki ban ma san akwai tambayar da ake yi a kan ruwa ba balle in neme ta. Littafin da aka tsara da hankali shi ke tare ka a ƙofa ya ce tsaya, kafin wancan ga wannan. Kuma duk wannan ma'aunin nawa na littattafan koyon abu ne fa, labari da waƙa lissafinsu daban, in ya riƙe ka har ka manta da waya ya biya, in ka kai shafi hamsin kana hamma ajiye shi ba wanda ke bin ka bashi.

In akwai laburare kusa da kai, abin da na fi so ma ba neman wani takamaiman littafi ba ne, zuwa kantar fannin nake in tsaya. Yawancinsu da tsarin Dewey suke jera kaya, wanda aka fito da shi tun 1876, ilimi kaf an raba shi gida goma daga 000 zuwa 999, taurari suna 520, tsuntsaye 598, lambu 635, saƙa 746, hoto 770, wasanni 796. Amfanin tsayawar shi ne za ka ga guda bakwai ko takwas a kan abu ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ka buɗe wuri ɗaya a kowanne ka gwama, nan take na ƙwarai ke fita daban. Kuma ka lura da wanda ya fi shan hannu, wanda gefensa ya yi baƙi wani ya yi ɗan rubutu da fensir a ciki, ba banza aka yi ta ɗaukarsa ba. Guda ɗaya irin wannan a kowace sha'awa ya ishe ka farawa, na biyu sai na farkon ya kai ka inda ya tsaya, kuma yawanci shi da kansa zai nuna maka wanda za ka nema a gaba. Tara goma a kan abin da ba ka fara taɓawa ba wata hanyar gudun farawa ce kawai, ni ma ina da wannan cutar, akwai littattafan koyon zane uku a ɗakina da fensir ɗin da ban fiƙe ba.

Yanzu haka na gyaran agogon hannu nake nema. Biyu sun shigo hannuna, abin da na sani a harkar bai wuce buɗe murfin baya a canza batir ba, don haka nan na buɗe a kowanne. Na farko layi uku ya yi ya wuce. Na biyun ya tsaya yana gargaɗi a kan wata 'yar robar zobe da ke hana ruwa shiga, wai in ka mayar da murfi ta karkace agogon zai yi ta aiki lafiya har ranar da gumi ko ruwan sama zai same shi, abin da ya taɓa cinye min agogo guda ban san dalili ba sai yau. Matsalar kawai bugun ya tsufa, rabin agogunan da yake misali da su ban taɓa ganin irinsu ba, shi ya sa har yanzu yana kan tebur ban yanke shawara ba.